Buɗe Kakar Ƙwallon Kwando ta Mata a Jami'o'in Amurka: Misali Daga Jami'ar Karolina ta Kudu

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa idan aka ce kaka ta yi, to, an kawar da amfanin gona ke nan, rumbuna sun cika, hankalin manomi ya kwanta. A wannan lokaci ne galibi ake bukukuwan aure, ake kuma kafa dandalin dambe da kokawa, samari su fito su gwada ƙwanji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da masu watsa labarai suka ari wannan kalma, suka riƙa cewa "kakar wasa" idan suna nufin watannin da ake gudanar da wata gasa tun daga farkonta har ƙarshenta. Sai dai akwai ɗan bambanci. Manomi yana shiga kaka ne bayan ya gama wahala, shi kuwa ɗan wasa ranar da aka buɗe kaka, ranar ce wahalarsa take somawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da buɗe kaka yake nufi ga ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a jami'o'in Amurka. Irin wannan ƙungiya tana da wata matsala wadda ƙungiyoyin ƙwararru ba su da ita. 'Yan wasanta ɗalibai ne, ɗalibi kuwa baƙo ne, kome daɗewarsa wata rana zai ɗaure kayansa. Daidai lokacin da yarinya ta goge, ta san sirrin wasa, a lokacin ne take kammala digirinta ta tafi. Ashe ke nan wasan farko na kowace kaka tambaya ce ake yi wa jami'a: shin ƙarfin da aka gani bara na waɗanda suka tafi ne, ko kuwa na gidan ne? Domin amsa wannan tambaya za mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, watau yadda ƙungiyar Jami'ar Karolina ta Kudu ta buɗe kakarta ta 2023/24. Amma kafin nan, ya kamata mu san asalin wasan da yadda aka tsara kakarsa.

2.0 Asalin Wasan da Yadda Mata Suka Shige Shi

Wani malamin motsa jiki mutumin Kanada, mai suna James Naismith, shi ne ya ƙago ƙwallon kwando a watan Disamba na 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts. Bukatarsa ita ce ya sami wasan da ɗalibansa za su yi a cikin ɗaki lokacin hunturu, sa'ad da sanyi da ƙanƙara suke hana fita. Sai ya rataye kwanduna biyu irin na zuba 'ya'yan itace, ya rubuta dokoki 13, aka soma. Daga waɗannan kwanduna ne wasan ya sami sunansa, har Hausa ma ta bi sahu.

Ba a yi shekara ba wata malama mai suna Senda Berenson ta kai wasan Kwalejin Smith, wadda ta mata ce zalla. To amma mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa gudu da gumi suna cutar da 'ya mace, don haka sai ta sassauta dokokin. Ta raba fili kashi uku, kowace 'yar wasa ta tsaya a kashinta, ta hana fizgar ƙwallo daga hannun abokiyar karawa, ta kuma hana riƙe shi fiye da daƙiƙa uku. A watan Maris na 1893 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu na kwalejin suka kara, ba a bar namiji ko ɗaya ya shiga kallo ba. Karo na farko tsakanin jami'o'i biyu kuwa an yi shi ran 4 ga Afrilu, 1896, inda Stanford ta ci Kalifoniya da maki 2 da 1.

Haka aka yi ta tafiya da waɗannan dokoki na takura, ana ɗan gyara su jefi-jefi, har zuwa 1971, shekarar da aka amince mata su yi wasa biyar-biyar a cikin fili gaba ɗayansa kamar yadda maza suke yi. Shekara guda bayan haka, ran 23 ga Yuni, 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan wata dokar ilimi wadda Babi na Tara na cikinta ya hana duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta nuna bambanci tsakanin namiji da mace. Dokar ba ta ambaci wasanni da suna ba, amma a nan ne aka fi ganin tasirinta, domin tilas jami'ar da take biya wa samari kuɗin karatu saboda wasa ta yi wa 'yan mata haka. Kafin dokar, 'yan matan da suke wasanni a makarantun sakandare na ƙasar ba su kai 300,000 ba, daga baya kuwa suka haura miliyan 3. Wata 'yar ƙaramar kwaleji ta Katolika mai suna Immaculata ita ce ta cinye gasar ƙasa ta mata sau uku a jere daga 1972 zuwa 1974. A 1982 ne hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta karɓi ragamar gasar, kuma Louisiana Tech ce ta ɗauki kofinta na farko.

3.0 Yadda Kakar Wasa Take Tafiya

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. 'Yan wasa biyar ne a kowane gefe. Kwandon yana sama da ƙasa da ƙafa 10, filin kuma tsawonsa ƙafa 94, faɗinsa ƙafa 50. Tun daga kakar 2015/16 ana raba wasan mata kashi huɗu, kowane kashi minti 10. Duk ƙungiyar da ƙwallo ya shiga hannunta tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, in ba haka ba a karɓe a ba abokan karawa. Jifa daga kusa maki biyu ne, daga bayan wani layi mai kama da baka maki uku, jifan da ake ba wadda aka yi wa ƙeta kuwa maki ɗaya. Wadda ta yi ƙeta sau biyar ta fita ke nan. Akwai kuma wani aiki da ba a ba shi maki amma sau da yawa shi ke yanke hukunci, watau cafe ƙwallon da aka jefa ya kuskure kwando, domin duk wadda ta cafe ta ba ƙungiyarta damar sabon jifa.

Jami'o'in da suke babban mataki na hukumar NCAA sun fi 350, kuma an kasa su rukuni-rukuni. Ana buɗe kaka a makon farko na Nuwamba. A watanni biyu na farko kowace jami'a tana karawa da waɗanda ta ga dama ta gayyata daga wajen rukuninta, sa'an nan daga wajen ƙarshen Disamba zuwa farkon Maris a koma wasannin cikin rukuni. Daga nan sai babbar gasar ƙasa, wadda a 2024 ƙungiyoyi 68 suka shiga, kuma duk wadda aka ci sau ɗaya ta koma gida. A farkon Afrilu ake wasan ƙarshe.

Abubuwa uku ne suke sa kowace kaka ta zama sabuwa fil. Na farko, a ƙa'idar da ake bi a 2023, kaka huɗu kawai ɗaliba take da ita, in ban da rangwamen shekara guda da aka yi saboda annobar korona. Na biyu, tun daga 2021 aka sassauta dokar sauya makaranta, ɗaliba tana iya barin wata jami'a ta koma wata ta ci gaba da wasa nan take, ba sai ta zauna shekara guda tana kallo ba. Na uku, gurabun karatu kyauta da aka yarda ƙungiyar mata ta bayar a lokacin 15 ne kacal, saboda haka koci ba shi da halin tara jama'a ya ajiye. Bugu da ƙari, tun ran 1 ga Yuli, 2021 aka yarda ɗalibai su karɓi kuɗin talla da sunansu, abin da ya ƙara wa kasuwar sauya sheƙa zafi.

Kafin a buɗe kaka, kamfanin dillancin labarai na AP yakan tara ra'ayin wasu marubuta labarin wasanni ya fitar da jerin ƙungiyoyi 25 da ake ganin sun fi ƙarfi. Wannan jeri hasashe ne kawai, an gina shi a kan abin da aka gani bara da sunayen da aka sani. Ranar buɗe kaka ce ranar da hasashe yake haɗuwa da zahiri.

4.0 Karolina ta Kudu Kafin Kakar 2023/24

Jami'ar Karolina ta Kudu tana garin Columbia, babban birnin jihar. Ba za a fahimci ƙungiyarta ta mata ba sai an san kocinta, Dawn Staley. An haife ta a 1970 a Philadelphia, ta yi wasa a Jami'ar Virginia, ta kuma ci lambar zinare a gasar Olamfik sau uku, a 1996 da 2000 da 2004. Ta horar da ƙungiyar Jami'ar Temple daga 2000 zuwa 2008, sa'an nan ta koma Columbia. A kakarta ta farko a can wasa 10 ta ci, aka ci ta 18. Da sannu-sannu ta gina gidan, har ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙasa a 2017 ƙarƙashin jagorancin A'ja Wilson, ta sake ɗauka a 2022 bayan ta ci Connecticut da maki 64 da 49.

Kakar 2022/23 ita ce aka zaci za ta zama kambin wannan gini. Ƙungiyar ta ci wasa 36 a jere ba a ci ta ba, tana da Aliyah Boston, wadda a 2022 aka zaɓa gwanar gwanaye ta ƙasa baki ɗaya. Amma ran 31 ga Maris, 2023, a wasan kusa da na ƙarshe a birnin Dallas, Jami'ar Iowa ta fitar da su da maki 77 da 73. Caitlin Clark ta Iowa ita kaɗai ta ci maki 41. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka ci su. 'Yan Iowa sun lura cewa ƙarfin Karolina yana ƙarƙashin kwando ne, ba su da masu jifa daga nesa, don haka suka cunkushe a gindin kwando suka bar waje a buɗe. Har akwai lokacin da Raven Johnson ta Karolina ta riƙe ƙwallo a bayan layin maki uku, Clark ta yi mata nuni da hannu alamar ba ta damu da ita ba, ta juya ta bar ta. An yi ta yaɗa hoton wannan abu a intanet, yarinyar kuma ta sha ba'a ƙwarai.

Bayan wannan kashi sai gidan ya watse. Dukan biyar ɗin da suke fara wasa suka kammala, watau Boston da Zia Cooke da Brea Beal da Victaria Saxton da Kierra Fletcher. A zaɓen sababbin 'yan wasa da gasar ƙwararru ta WNBA ta yi a Afrilu na 2023, an ɗauki 'yan Karolina biyar, Boston ce ma aka fara ɗauka a ƙasar duka. Waɗanda suka rage su ne waɗanda bara suke zaune a benci: Kamilla Cardoso, wata doguwa 'yar ƙasar Brazil mai tsawon ƙafa 6 da inci 7, da Raven Johnson, da Bree Hall, da Chloe Kitts, da Ashlyn Watkins, da Sania Feagin. Aka kawo Te-Hina Paopao daga Jami'ar Oregon musamman don jifan nesa, aka kuma ɗauko sababbin ɗalibai, cikinsu har da MiLaysia Fulwiley, haifaffiyar Columbia, da Tessa Johnson daga jihar Minnesota. Ita kanta Staley ta riƙa kwatanta wannan ƙungiya da gidan renon yara, saboda ƙuruciyarsu da yawan surutunsu. Da jerin AP ya fito, sai aka sa su na shida. Jami'ar LSU ta jihar Louisiana, mai riƙe da kofi, ita aka sa ta ɗaya.

5.0 Ranar Buɗe Kaka

An buɗe kaka ran Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023. Tun kafin ranar an ga alamar cewa shekarar ba irin wadda aka saba ba ce, domin ran 15 ga Oktoba Iowa ta yi wasan share fage da DePaul a filin ƙwallon da ba shi da rufi, mutum 55,646 suka halarta, taron da ba a taɓa gani ba a wasan ƙwallon kwando na mata.

Karolina ta Kudu ba ta buɗe kakarta a gida ba. Ta tafi birnin Paris na ƙasar Faransa ta kara da Jami'ar Notre Dame, wadda take ta goma a jeri, a zauren Georges Carpentier. Wannan ne karo na farko da aka yi wasan kaka na hukumar NCAA a Paris. Ya kamata mai karatu ya lura da kasadar da ke cikin wannan zaɓi. Yawancin manyan jami'o'i sukan buɗe kaka da wata ƙaramar ƙungiya a gida, su ci ta da tazara mai yawa, yara su saba da juna a hankali. Staley kuwa ta ɗauki biyar ɗin da ba su taɓa fara wasa tare ba, ta tsallaka teku da su, ta tsayar da su gaban ƙungiya mai ƙarfi, ana nuna su a talabijin.

A kashin farko babu wata tazara tsakanin ƙungiyoyin biyu. Wata sabuwar ɗalibar Notre Dame mai suna Hannah Hidalgo ta addabi 'yan Karolina, ta ƙare wasan da maki 31, alhali ranar ce ta fara wasa a jami'a. Amma daga kashi na biyu sai bambanci ya fito. Cardoso ta mallake gindin kwando, ta ci maki 20, ta cafe ƙwallo 15. Fulwiley ta taso daga benci ta ci maki 17, ta kuma yi wata gwaninta, inda ta zagaya da ƙwallo ta bayanta tana cikin gudu ta jefa a kwando, har tsohon gwani Magic Johnson ya fito fili ya yaba mata. Aka tashi Karolina tana da maki 100, Notre Dame 71.

A wannan rana dai, a birnin Las Vegas, LSU ta buɗe tata kakar. Ita ba ta rasa taurarinta ba. Angel Reese tana nan, an ma ƙaro mata Hailey Van Lith daga Louisville da Aneesah Morrow daga DePaul, dukansu sanannu. Amma Jami'ar Colorado, wadda take ta ashirin a jeri kuma 'yan wasanta sun daɗe tare, ta ci su da maki 92 da 78. Ran 12 ga wata Karolina ta ci Maryland da maki 114 da 76, a ranar kuma aka ci Connecticut wadda take ta biyu. Da sabon jeri ya fito kashegari, Karolina ta Kudu ce ta ɗaya. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Daga wannan mako har ƙarshen kaka ba a sauke su daga matsayi na ɗaya ba. Ba wai ba su ga ta kansu ba. Ran 9 ga Maris, 2024, a gasar rukuninsu na SEC, Tennessee tana gabansu da maki biyu saura daƙiƙa ɗaya da 'yan kai a tashi, sai aka miƙa wa Cardoso ƙwallo a bayan layi, ba wanda ya kula da ita domin ba ta taɓa cin jifan maki uku a jami'a ba. Ta jefa, ya shiga, aka tashi 74 da 73.

Ran 7 ga Afrilu, 2024, a birnin Cleveland, aka yi wasan ƙarshe, kuma Allah ya sa da Iowa ɗin nan ce. Iowa ta fara cin maki 10 kafin Karolina ta ci ko ɗaya, Clark kuma ta ci maki 18 a kashin farko kaɗai. Sai aka ɗora wa Raven Johnson tsaronta, watau yarinyar nan da aka yi wa ba'a bara. A sauran kashi uku maki 12 kawai Clark ta ƙara. Tessa Johnson, 'yar aji ɗaya, ta taso daga benci ta ci maki 19, ta fi kowa a ƙungiyarta. Cardoso ta ci 15 ta cafe 17. 'Yan bencin Karolina sun ci maki 37, na Iowa ba su ci ko ɗaya ba. Aka tashi 87 da 75. Karolina ta Kudu ta gama kaka da wasa 38 ba a ci ta ba, ita ce ƙungiya ta goma da ta taɓa yin haka a tarihin gasar, Staley kuma ta zama baƙar fata ta farko da ta ɗauki wannan kofi sau uku. Kimanin mutum miliyan 18.9 suka kalli wasan a talabijin, na maza kuwa miliyan 14.8, kuma wannan ne karo na farko da wasan ƙarshe na mata ya fi na maza 'yan kallo.

7.0 Dalilan da Suka Sa Gidan Bai Rushe Ba

Idan muka koma ga tambayar da muka fara da ita, za mu ga dalilai uku.

Na farko shi ne benci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda jama'a suka ɗauka sababbi ne a Paris, yawancinsu sun yi shekara ɗaya ko biyu suna karawa kullum da Boston da Cooke a filin atisaye. Cardoso ma, tun tana 'yar canji, an ba ta lambar wadda ta fi kowa a cikin 'yan canji na rukunin SEC a 2023. Al'adar Staley ce ta riƙa sa 'yan wasa tara ko goma a kowane wasa, ko da hakan zai rage wa taurari yawan maki. Wannan yana da wuya a zamanin da yarinya take iya sauya jami'a idan ta ga ba a sa ta yadda take so. Shawo kan gwana ta haƙura ta jira lokacinta, shi ne babban aikin koci, ya ma fi zana dabarun wasa a allo.

Na biyu shi ne gyaran kuskure. Ƙungiyar ba ta tsaya kukan abin da ya faru a Dallas ba, ta duba inda bango ya tsage ta liƙe. An ce ba su da jifan nesa, sai aka kawo Paopao, wadda a kakar ta fi kowa a ƙasar dacewa a jifan maki uku, kusan kashi 47 cikin 100 na jifanta suna shiga. Da zarar an sami mai jifa daga waje, tilas masu tsaro su fito, in sun fito kuwa Cardoso ta sami sarari a ciki. Ashe dokar sauya makaranta takobi ce mai kaifi biyu, tana kwashe wa ƙungiya mutane, tana kuma ba mai hankali damar cike giɓi. Misalin LSU ya nuna cewa tara sunaye daban, haɗa ƙungiya daban.

Na uku shi ne gidan kansa, watau jami'a da jama'ar gari. Zauren Colonial Life da suke wasa a ciki yana ɗaukar mutum 18,000, kuma tun daga kakar 2014/15 har zuwa wannan kaka da muke magana, babu ƙungiyar mata a ƙasar da ta fi su yawan 'yan kallo. Yarinyar da ta tashi a Columbia tana ganin haka, kamar Fulwiley, ba ta bukatar dogon lallashi kafin ta zauna gida. Wannan kuwa ba zai yiwu ba in ba don dokar 1972 da ta tilasta a ware wa mata kuɗi da gurabun karatu ba. Ko ita ma dokar ba ta gama aiki ba, domin a gasar 2021 wata 'yar wasan Oregon, Sedona Prince, ta nuna wa duniya hoton 'yan ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata a San Antonio, alhali an cika wa maza zaure guda da kaya, har hukumar NCAA ta nemi gafara ta sa aka yi bincike.

Amfanin wannan tsari bai tsaya a Amurka ba. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar mata ta Nijeriya, D'Tigress, a jami'o'in can suka goge, alal misali Amy Okonkwo da Ezinne Kalu da Promise Amukamara. Kocin da ta kai su gasar Olamfik ta 2024, Rena Wakama, ita ma a Jami'ar Western Carolina ta yi wasa. A wannan gasa sun ci Ostareliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, inda Amurka, wadda A'ja Wilson take cikinta, ta fitar da su da maki 88 da 74.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga asalin ƙwallon kwando da yadda mata suka shige shi, mun ga tsarin kakarsa a jami'o'in Amurka, sa'an nan mun bi ƙungiya guda daga faɗuwarta a Dallas zuwa Paris zuwa Cleveland. Abin da misalin ya nuna shi ne, wasan buɗe kaka yana auna aikin da aka yi ne a shekarun baya, lokacin da ba mai kallo, a kan waɗanda suke zaune a benci.

Sai dai kada a ɗauka cewa wanda ya ci wannan jarrabawa sau ɗaya ya huta. Bayan kofin 2024 Cardoso ta tafi ƙungiyar ƙwararru ta Chicago. Karolina ta buɗe kakar 2024/25 da cin Michigan da ƙyar, maki 68 da 62, sa'an nan ran 24 ga Nuwamba UCLA ta katse mata jerin nasarori 43. Ta sake kai wa wasan ƙarshe a Afrilu na 2025, amma Connecticut ta ci ta da maki 82 da 59, ta ɗauki kofinta na 12. Bayan 'yan makonni Fulwiley, wadda ta yi gwanintar nan a Paris, ta sauya sheƙa zuwa LSU. Haka abin yake a jami'a, ko a filin wasa ko a ɗakin karatu. Kowace shekara manya suna fita, ƙanana suna shigowa, kuma makarantar da ba ta tanadi na baya ba tun na gaba suna nan, ranar buɗe kaka asirinta zai tonu.